Zobe a Gwangwanin Turare

Rillieux-la-Pape, Litinin, 18 ga Satumba 2017

Zuwa ga Yayata Saadatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Ilya da yara duka. Ya gajiyar suna? Ya ƙafar nan taki, ta bar kumburi? Na ga yadda kike ɗingishi ranar da muka raka ki tashar jirgin ƙasa, ga shi kin ce washegari za ki koma ɗaga tsofaffi a likita, gidan marasa lafiya. Allah ya saka miki, ya bar zumunci.

Mai jego lafiya lau, jaririya ma tana kama nono sosai. Wanka dai muna yin abin da ya samu. Babu ganye, babu tukunya, sai ruwan famfo mai zafi da tawul, 'yarki Ruwaida kuma tana yi mini gardama da faransanci, wai lokotoron da ke duba ta bai ce ba. Kunun kanwa ne kaɗai ba ta ƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda da ajami alhali ga waya a hannun kowa. Alhaji yakan duba wayata idan muna tare, Ruwaida kuma ita ke sa mini lambobi. Ajami kuwa, a duk wanda na sani a ƙasar nan, daga ni sai ke, albarkacin bulalar Inna Malama a zauren Birni. Akwai akwatin gidan waya a gindin benenmu, can nake jefawa idan na sauka sayen albasa.

Tambaya gare ni, Yaya, don kin fi ni riƙe karatu, kuma kina aiki cikin masu magani. Al'adata kwana shida ce tun ina budurwa, ba ta taɓa yi mini wasa ba. Tun bayan azumi ta rikice. Wani wata ta makara, wani wata ta zo da ƙarfi har in ji jiri. Shekaruna arba'in da biyar. Girma ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa, ko ciwo ne?

Sai ta biyu, wadda wata ce ta tambaye ni. Idan mace tana da wani abu cikin jikinta, wanda ita ta sa da hannunta, jini kuma ya jiƙa shi, ta yi wanka ba ta cire ba, wankanta ya yi? Sallarta ta yi?

Ki amsa mini da ajami. Ki gaida Malam Ilya da kyau.

Ƙanwarki,
Zuwaira

*

Rillieux-la-Pape, Laraba, 4 ga Oktoba 2017

Yaya Saadatou,

Sallama irin ta addini, da gaisuwar ban girma. Ya gida, ya aiki, ya sanyin da ya fara shigowa? Mu nan lafiya, sai godiya.

Takardarki ta zo. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin girki da na kai inda kika ce, ke za a yi wa "wata", ke da kika yi mini kitson aure. Daga dariyar sai kuka. Na yi ƙarya, Allah ya yafe mini. Ni ce "wata" ɗin.

Abin da zan faɗa miki ban taɓa faɗa wa wani mai jin Hausa ba. Kin san shekararmu tara a Kampala, inda ƙungiyar da Alhaji ke yi wa aiki ta kai shi, kin kuma san yawan tafiyarsa. Shekara huɗu da suka wuce ina shirya masa jaka na tarar da kwalbar ƙwayoyi cikin safa, an kankare takardar jikinta. Na tambaye shi, ya ce na hawan jini ne. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na nuna wa maƙwabciyata, musulma ce 'yar ƙasar, mai sayar da magani. Ta dube ta, ta dube ni, ta ja mini kujera. Maganin sida ne, Yaya, cutar ƙanjamau.

Har yau bai faɗa mini ba, ni ma ban nuna na sani ba. Kin san shi, mutum ne mai kunya da girman kai haɗe, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma idan ya rufe magana ta rufu. Sau ɗaya na ambaci kwaroron roba, ya yi mini kallon da ban sake ba. Ƙwayoyin kuma ba kullum yake sha ba, ina dubawa. Idan yana jin ƙarfi sai kwalba ta yi sati ba ta ragu ba.

Maƙwabciyar ce ta kai ni wata likita inda ake gwajin wani zobe na mata. Aka auna jinina, lafiya lau. Zoben roba ne, fari, mai laushi, bai kai awarwaron jariri girma ba. Mace ke sa shi da kanta can ciki, ya zauna wata guda yana sakin magani kaɗan kaɗan, sannan ta sake sabo. Namiji ba ya jin sa. Sun gaya mana ba katanga ba ce, ragewa yake yi, kuma sai yana ciki yake ragewa. Ma'aikaciyar jinyar ta maimaita mana har ta gaji: kada a cire, ko da haila, ko da wanka. Da zan taho wankan jegon nan suka ba ni uku, na wata uku, in mayar musu da tsofaffin.

Ni kuwa tun watan farko nake cirewa. Da na ga jini sai in fitar da shi, in wanke sau uku, in naɗe a ƙyalle in sa cikin gwangwanin turarena. Zuciyata ba ta yarda in tsaya gaban Ubangiji da abin da ya kwana shida cikin jini ba, na kuma ji kamar zai tare dattin da ya kamata ya fita. Dabarar tana tafiya daidai, don cikin kwana shidan Alhaji ba ya kusanta ta, mai kiyayewa ne ta nan wajen. Jini ya ɗauke, in yi wanka, in mayar. Duk wata ma'aikaciyar ta tambaye ni ko na cire, in sunkuyar da kai in ce a'a.

Yanzu ga inda nake. Jini ya zo ran Asabar, yau kwana biyar, babu alamar raguwa. Zoben yana gwangwani. Alhaji yana taro a Paris ɗinku, ran Asabar mai zuwa zai iso nan ya yi sati ya ga jikarsa. An gyara mana ƙaramin ɗakin.

Ki tuna abin da Inna Malama ta karantar da mu. Mai kwana shida idan jini ya zarce, ta ƙara uku ta jira. Bayan tara ba haila ba ne, jinin ciwo ne. Ta yi wanka, ta yi salla, ta halatta ga mijinta. Tarata za ta cika ran Lahadi.

Ki yi mini addu'a ya tsaya. Kada ki kira waya, don Allah.

Taki,
Zuwaira

*

Laraba, 11 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa da karkataccen rubutu.

Jinin bai tsaya ba.

Alhaji ya iso ran Asabar da tsaraba niƙi-niƙi daga kasuwar Barbès, har da rigar sanyi da ya saya mini, ruwan toka, daidai ni. Ya ɗauki jaririya ya yi mata addu'a yana hawaye. Ina kallonsa ina cewa a raina, wannan mutumin ne fa, ba wani mugu ba.

Takardarki ta zo ran Litinin da hantsi. Na karanta inda kika rubuta da manyan baƙaƙe, in mayar da shi yanzu yanzu, jini ko ba jini. Wallahi na yi niyya. Na shiga makewayi da gwangwanin, na buɗe, na riƙe zoben. Sai na tsaya ina tunani. Jinin da ke zuba da kansa Allah ne ya saukar, an yafe mini shi, in yi ƙunzugu in yi salla. Amma abin da ni na ɗauka da hannuna na tura ciki ya sha jini, wannan ai ni na ɗauko najasa na kai kan darduma. Ke Yayata ce, amma ba ki ce kin tambayi malami ba. Ni kuma wane malami zan tunkara da wannan magana? In ce masa me? Na mayar da murfin, na ce bari in ga gobe, wataƙila ya ɗauke.

Akwai wata hanya, ita ma na auna ta. Da na ƙi yin wanka, na ci gaba da zama kamar mai haila, da Alhaji bai matso ba. Bai taɓa tambayata da baki ba tun aurenmu, darduma yake kallo. Idan ya ga na shimfiɗa, ya sani. Sati ɗaya ne kawai, Yaya, da na naɗe dardumar na sati ɗaya da shi ke nan. Amma salla talatin da biyar ce zan zubar da gangan, ina sane sun hau kaina. Na ce to in yi a ɓoye. A ina? Gidan ɗaki biyu ne da falo, shi kuma ba ya fita, sanyi ya hana shi. Na yi wankana na yi azahar a gabansa. Yana zaune yana karanta jarida, na ji lokacin da ya sauke ta.

Jiya Talata da hantsi Ruwaida da mijinta suka kai jaririya awo. Gida ya rage daga ni sai shi. Na ce masa jinin bai gama ɗaukewa ba. Ya ce cikin taushi, ai ya ga ina salla. Gaskiya ya faɗa. Ban hana shi ba. Gwangwanin yana kan tebur, tsakaninsa da kaina bai kai kamu biyu ba.

Da ya shiga wanka na buɗe jakarsa. Kwalbar tana cikin safa, cike har wuya. Tun da ya baro gida bai taɓa ta ba, ko ma tun kafin nan.

Can Kampala sun taɓa gaya mana cutar ta fi samun hanya idan akwai jini. Wannan maganar ce ke yawo a kaina tun jiya. Na mayar da zoben da azahar ina kuka, da la'asar ta yi na cire na yi salla na mayar, haka magariba, haka isha. Ban san ko hauka nake yi ba. Na zuba gishiri a kunun mai jego. Ruwaida ta ce, Mama ko sanyin ne, na ce shi ne. Ina jin tsoron in sumbaci jaririyar, alhali na san ba haka ake ɗauka ba.

Shekara huɗu ina tsare kaina, Yaya, na zo na zubar a hantsi ɗaya, kuma ba don wani saɓo ba, don neman tsarki. Ki gaya mini abin da zan yi. Jiya na kasa riƙe alƙalami, yau zan sauka in jefa wannan.

Zuwaira

*

Rillieux-la-Pape, Litinin, 16 ga Oktoba 2017

Yayata Saadatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Ilya da yara. Ya ƙafa? Ya haƙuri da ni?

Ranar Juma'a da kika kira wayar Ruwaida kika ce a ba ki ni, ban iya amsa miki da komai ba sai to, to, don Alhaji yana falo. Ban ji haushin faɗan da kika yi mini ba. Tun muna yara ban taɓa jin muryarki ta fashe haka ba. Ashe akwai maganin gaggawa da ake ba wanda abin ya same shi, amma a nan sai cikin kwana biyu. Takardata ta kwana ɗaya a hannuna, ta kwana biyu a hanya. Da waya na ɗaga ran Talata, da kin tura ni likita kafin la'asar. Ajamin da na ɓuya a cikinsa shi ya cinye mini kwanakin.

Duk da haka na je, yadda kika ce. Na gaya wa mutanen gida zan ga lokotoro saboda jinin da ya ƙi tsayawa, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na hana Ruwaida raka ni, na shiga bas ni kaɗai har cikin Lyon da takardar da na rubuta sunan wurin a jiki.

Mace na samu, Allah ya taimake ni, sunanta Leïla, iyayenta mutanen Aljeriya ne. Ba ta girmi Ruwaida da yawa ba. Da guntun faransancina na Yamai da nuni da hannu na gaya mata komai. Ta ƙirga awowi a yatsunta, ta sake ƙirgawa, sannan ta ce lokacin maganin ya wuce, ba za ta yi mini ƙarya ba. Ta ɗebi jinina, na ranar lafiya lau ne, amma ta ce wannan labarin da ne yake bayarwa. Labarin ran Talata sai bayan sati shida.

Na nuna mata tsohon zoben watan jiya da takardar da aka haɗo ni da ita. Ta ce a karatu kawai ta san shi, babu shi a ƙasar nan, ta juya shi a hannu kamar abin kallo. Ta karanta takardar ta ce jini ba ya wanke maganin, zoben kuma ba ya tare jini, ta gefensa yake wucewa. Da na gaya mata ina cirewa sau biyar a yini, ta dafe kai ta kira ni Tanti, ta ce ita ba malama ba ce, amma in bar shi ya zauna don Allah. Rikicewar al'adar kuma ta ce alamar girma ce, za su duba.

Wata maganarta ce ta fi tsaya mini. Ta ce da Alhaji yana shan ƙwayarsa kullum ba fashi, da cutar ta kwanta a jininsa har ba za ta iya tsallakowa gare ni ba. Wato babban maganina yana cikin safarsa. Ta tambaye ni ko mun taɓa maganar. Na ce a'a. Ta rubuta mini ranar dawowa.

A cikin bas ina ta juya abin da kika faɗa a waya, cewa in tuna ranar da kika tambayi Inna Malama ko mai salla da tuwo a ciki da fitsari a mara yana ɗauke da najasa, muka yi dariya har ta kore mu waje. Daga baya ta kira mu ta ce, wanka da tsarki na abin da ke waje ne, abin da ke can ciki ba a tambayar bawa a kansa. Ina wurin, Yaya. Ni na riƙe miki allonki da aka kore mu. Ta yaya na riƙe ƙirgen kwana tara daram, na mance wannan? Shekara huɗu ina ƙara wa kaina abin da ba a ɗora mini ba, ina ganin tsoron Allah ne.

Alhaji ya koma ran Asabar. A bakin ƙofa ya ce in kula da kaina, na rame. Na ce to.

Saura kwana talatin da shida. Ko tari na yi sai in taɓa wuyana in ji ko ya kumbura. Idan ta tabbata, da wane baki zan gaya wa yaran nan, kuma wa za su ce ya kawo? Ki sa ni cikin addu'ar sujada.

Ƙanwarki,
Zuwaira

*

Rillieux-la-Pape, Alhamis, 23 ga Nuwamba 2017

Yaya Saadatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata kin wuni lafiya, ke da mutanen gida duka.

Babu, Yaya. Ba ta kama ni ba. Na san na faɗa miki a waya ɗazu, amma kukanmu bai bar mu mun yi magana ba, kuma ina son in ga kalmar a rubuce da hannuna. Leïla ta juyo mini da takardar ta sa yatsa a wurin. Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Ta ce kada in ɗauka wata dabara tawa ce ta yi aiki, wannan karon dai na tsira. Na ce na sani.

Jinin ya dawo ran Litinin. Zobe na uku yana ciki, ban taɓa shi ba. Idan kwanakina suka cika zan yi wanka da shi, in yi salla da shi. Na riga na gwada a ƙarshen wancan jinin. Raka'ar farko ina ta jiran ban san me ba. Babu abin da ya faru. Na sallame, jaririya tana kuka, na je na ɗauke ta.

Akwai abin da ban faɗa miki a waya ba, don kada ki hana ni ko ki zuga ni. Da na dawo daga likita na zauna na rubuta wa Alhaji takarda. Ba da ajami ba, da boko, baƙi bayan baƙi, yadda zai karanta ba tare da ya nemi kowa ba. Na ce na san abin da ke cikin safa tun shekara huɗu. Na ce ban tambaye shi inda ya samo ba, ba kuma zan tambaya ba. Na gaya masa zancen zoben. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ya sha ƙwayarsa kullum a gabana, ni zan riƙa kawo masa ruwan. Idan ba zai iya ba, ya faɗa mini tun ina nan kusa da 'yata. Na ɗauki hoton takardar da na sakamakon, na tura masa ta wayar nan da yake yawan dubawa.

Ya buɗe tun azahar, alamar ta nuna. Yanzu an yi la'asar, bai ce komai ba. Ina iya zama matar da aka saka a shekara arba'in da biyar, na sani, ina kuma jin tsoro. Amma ba irin tsoron watan jiya ba ne.

Jirgina ran ɗaya ga Disamba ne, daga Paris. Ina so in kwana biyu wurinki a Belleville kafin nan, in Malam Ilya ya yarda. Ki tarye ni a tasha ran Laraba, jirgin sha biyu. Ko ya amsa ko bai amsa ba zan je Kampala, don akwai tsofaffin zobe da zan mayar, da wata baiwar Allah da na yi wa ƙarya duk wata, ina son in dube ta in gaya mata gaskiya. Na tabbata ba ni kaɗai ke cirewa ba.

Gwangwanin na wanke shi, na cika shi da turare na ba Ruwaida. Ta ce ai Mama kin daɗe kina hana kowa taɓa shi. Na ce yanzu ba ni da abin sawa a ciki.

Ki gaida Malam Ilya da yara. Sai na zo.

Ƙanwarki har kullum,
Zuwaira